Yadda Ake Haɗa Hoton Gadar Menai da Karan Alkama Irin na Mutanen Wales na Dā

A ƙarni na 19 masu sana'ar hannu a arewacin Wales, cikin ƙasar Birtaniya, sun riƙa haɗa hotunan gadoji da gaɓar teku da karan hatsi, wanda suke tsagawa su miƙe shi sannan su manna a kan kwalin da aka riga aka yi wa fentin sama da ruwa. Gadojin da suka fi fitowa a waɗannan hotuna su ne gadar Menai da gadar Britannia, waɗanda suka haɗa tsibirin Anglesey da sauran ƙasar, sai kuma gadar Conwy da ke gindin tsohuwar fadar da Sarki Edward na Ɗaya ya fara ginawa a 1283. Ba abin mamaki ba ne da suka zaɓi waɗannan, domin hanyar Landan zuwa Holyhead, inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Ireland, ta kan gadar Menai ta bi, kuma matafiyin da ya ga irin wannan gini a wancan zamani yakan so ya koma gida da tsarabarsa. Akasarin hotunan ba su ɗauke da sunan wanda ya yi su, kuma a yau a hannun dillalan kayan tarihi da masu tara su ake samunsu.

Aikin kara ya girmi waɗannan hotuna. Fursunonin yaƙi Faransawa da aka tsare a sansanin Norman Cross kusa da Peterborough daga 1797 zuwa 1814 sun shahara da lulluɓe ƙananan akwatuna da kara mai launi, kuma gidan tarihi na Peterborough yana ajiye da ayyukansu masu yawa. Amma nasu aikin lulluɓe fuskar abu ne gaba ɗaya, alhali hoton Wales yakan bar wa fenti sama da ruwa, ya keɓe kara domin gada da gidaje da jirage. Wannan rabon aiki shi ne za mu bi, kuma abin da ya kamata mai aiki ya riƙe tun daga farko shi ne cewa kara yana da ƙyalli mai bin tsawonsa, ta yadda guda biyu da aka yanko daga kara ɗaya, aka kwantar da ɗaya aka tsayar da ɗaya, za su fito kamar launi biyu dabam. Duk kyan hoton yana kan yadda aka sarrafa wannan ƙyalli.

A san gadar kafin a taɓa kara

Injiniya Thomas Telford ne ya tsara gadar Menai, wadda titinta ke rataye da igiyoyi daga sarƙoƙin ƙarfe da suka bi ta kan hasumiyoyi biyu. An fara gininta a 1819, aka buɗe ta ranar 30 ga Janairun 1826. Tazarar da ke tsakanin hasumiyoyinta biyu mita 176 ce, kuma an ɗaga titinta mita 30 sama da ruwa saboda hukumar sojojin ruwa ta dage cewa dole manyan jirage masu filafilai su iya wucewa ta ƙarƙashi. Daga kowace hasumiya zuwa tudu akwai ginin dutse mai bakuna, wato ƙofofi masu lanƙwasa irin ta baka, huɗu a ɓangaren Anglesey, uku a ɓangaren Bangor, garin da ke ɗaya tsallaken. Wanda ya yi huɗu da huɗu, ko uku da uku, don hoton ya daidaita, ya zana wata gada ce ba Menai ba.

Sai a yanke shawarar inda mai kallo yake tsaye. Idan daga kudu maso yamma yake kallo, Anglesey da bakunanta huɗu suna hagu, duwatsun Eryri kuma suna dama, bayan bakuna uku. Idan daga arewa maso gabas ne, komai ya juya, kuma a nan ne ake hango gadar Britannia can baya. Wannan gada ta biyu Robert Stephenson ne ya gina ta domin jirgin ƙasa, aka buɗe ta a 1850, kuma a siffarta ta asali dogayen akwatunan ƙarfe ne miƙaƙƙu da suka ratsa hasumiyoyi uku, da zakunan dutse biyu a kowane baki. Gobarar 1970 ta lalata akwatunan, aka sake gina ta da bakunan ƙarfe, saboda haka hotunan da ake gani a intanet na yau ba su da amfani ga mai son siffar dā. Haka ma sarƙoƙin Menai: na asali guda 16 ne, an jera su rukuni huɗu, kowane rukuni sarƙa huɗu wata bisa wata, har zuwa lokacin da aka maye gurbinsu da na sitil tsakanin 1938 da 1940. Daga gefe layi huɗu ake gani, kuma layi huɗu za a yi. Masu sayen tsofaffin hotunan da irin waɗannan alamu suke ƙiyasta shekarunsu. Hoton da ke da gadar Britannia a kammale ba zai girmi 1850 ba, kuma idan dogon ginshiƙin tunawa da basaraken da ake kira Marquess na Anglesey, wanda aka gama a 1817, yana ɗauke da mutum-mutumi a kansa, to a 1860 ko bayanta aka yi hoton, domin a shekarar ce aka ɗora shi.

Kayan aiki da zaɓen kara

Ana buƙatar kwali mai kauri marar asid, santimita 50 a faɗi da 35 a tsayi, da takardar fentin ruwa da za a manna a kansa, da siririyar takarda irin ta kwafin zane, da fentin ruwa da buroshi. Sai sabuwar reza ko wuƙar yankan takarda, da ƙaramin almakashi, da hantsaki, da allura, da rular ƙarfe, da dutsen guga, da farin gam na kafintoci. Mutanen dā da gam ɗin fata ko kunun sitaci suke aiki, kuma kunun sitacin alkama har yanzu yana da fifiko ɗaya, wato ana iya jiƙa shi a cire abin da aka manna ba daidai ba, amma yana jawo ƙwari idan ba a rufe hoton da kyau ba.

Masu wannan sana'a a Turai sun fi son karan wani hatsi ɗan'uwan alkama da ake kira rayi, saboda tsawon da ke tsakanin gaɓoɓinsa, amma karan alkama da na sha'ir duk suna yi. Mai karatu da ke ƙasar Hausa zai sami karan alkama a wuraren noman rani irin su Kadawa da Haɗeja wajen watan Maris zuwa Afrilu, da sharaɗin ya karɓe shi daga hannun mai yanka da lauje kafin a kai shi injin casa, domin karan da ya bi ta inji ya riga ya farfashe. A zaɓi wanda ya bushe sarai, mai haske, wanda ba shi da baƙaƙen ɗigo na fumfuna. A yanke kowace gaɓa a zubar, a zare kuben da ya lulluɓe karan, sai a ware guntayen gida uku: masu kauri na gindi domin hasumiya da bakuna, matsakaita domin gidaje da jikin jirgi, sirara na sama kusa da zangarniya domin sarƙa da igiyoyi.

Jiƙawa da tsagawa da guga

A zuba guntayen cikin ruwan ɗumi na kimanin rabin awa, a danne su da faranti domin kara yana tasowa sama. Idan ya yi laushi har ana iya lanƙwasa shi bai karye ba, a tsamo kaɗan kaɗan a nannaɗe cikin tsumma mai laima. A sa bakin reza a cikin ramin karan a tsaga shi ta gefe ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, a buɗe shi da yatsa, a kifa shi a kan katako ta yadda cikinsa ke kallon sama, sannan a goge shi da dutsen guga mai matsakaicin zafi har ya miƙe ya bushe. Bayan haka a kankare farar totuwar da ke ciki da bayan wuƙa, ana jan wuƙar ta fuska ɗaya kawai. Wannan kankara tana cin lokaci kuma mutane da yawa sukan tsallake ta, amma ita ce ke sa kara ya yi siriri ya kwanta, kuma gam ya fi kama wanda aka kankare. Karan da ba a kankare ba yakan koma ya naɗe bayan 'yan watanni, ya ɗaga gefensa daga kwali.

Launi ta hanya biyu ake samunsa. Ta farko, wadda ta fi dacewa da wannan hoto a ganina, ita ce ƙonawa da dutsen guga: idan aka ƙara zafi aka bar shi a kan kara na ɗan lokaci, launin yakan tashi daga fari-fari zuwa ruwan zuma, daga nan zuwa ruwan ƙasa mai duhu. A yi aƙalla kala huɗu a ajiye kowanne dabam. Hasumiyoyin Menai da dutsen farar ƙasa na Penmon aka gina su, don haka launin kara na asali da ƙonannen kaɗan sun ishe su. Hanya ta biyu ita ce rini, kuma ana yinsa ne kafin tsagawa. Fatar kara tana da wani sinadari mai tauri da ake kira silika da ɗan maiƙo da ke hana rini shiga, saboda haka sai an tafasa shi a hankali na kimanin awa ɗaya cikin ruwan rini da aka sa wa ɗan alif, a bar shi ya kwana a ciki. Galurar da masu saƙar faifai ke rina kaba da ita tana kama kara. Kore domin itatuwa, baƙi domin jikin jirgi, da ɗan ja domin tuta, sun wadatar. Idan ana son filafilai farare, a jiƙa kara cikin ruwan haidirojin na kantin magani ya kwana, a ɗauraye a shanya a rana.

Zane da fentin bango

A ɗauki santimita 1 a matsayin mita 10. Tsakanin hasumiyoyi zai zama santimita 17.6, kowane baka kimanin santimita 1.6, gadar duka kuma za ta ɗan haura santimita 40, ta bar gefe kaɗan a hagu da dama. Bisa wannan ma'auni tsayin titi daga ruwa santimita 3 ne kacal, wanda zai sa gadar ta yi kama da zare a tsakiyar kwali, kuma jirgi ba zai sami wurin nuna filafilansa ba. A ƙara tsayin zuwa santimita 5, a ƙara wa kan hasumiya gwargwadon haka. Aikin gargajiya ne ba taswirar injiniya ba, kuma ƙarin tsayi ba ya ɓata kamannin gadar matuƙar adadin bakuna da na sarƙoƙi daidai ne. Hasumiyoyin su zama masu faɗi a gindi suna tsukewa zuwa sama.

Lanƙwasar sarƙa ba a zana ta da hannu kawai. A jingina kwalin a tsaye, a kafa allura a kan kowace hasumiya, a rataya siririyar sarƙar wuya tsakaninsu, a sassauta ta har tsakiyarta ta kusa taɓa titi, sannan a bi ta da ɗigon fensir. Daga bayan kowace hasumiya kuma sarƙar takan gangara ta saman bakuna har ta shige cikin tudu, inda aka ɗaure ta a ramukan da aka haƙa cikin dutse. A yi zanen sau biyu, ɗaya a kan takardar fenti da fensir marar duhu, ɗaya a siririyar takarda domin yankan sassa.

Fenti yana gaba da kara, kuma sai ya bushe ƙarau kafin a manna komai. A jiƙa takardar kaɗan, a shafa shuɗi mai duhu a sama yana raguwa zuwa inda sama ta haɗu da tudu, a ɗauke fenti da busasshen tsumma a inda ake son gajimare. Duwatsu su zama shuɗi mai toka, ruwa kuma ya fi sama duhu. Wannan duhu yana da muhimmanci, domin siririn kara mai haske ba ya fitowa a kan bango mai haske, kuma sarƙoƙi su ne farkon abin da zai ɓace.

Mannawa

Domin manyan sassa, a fara haɗa shimfiɗar kara: a shafa gam siriri a kan siririyar takarda, a jera miƙaƙƙun kara gefe da gefe ba tare da rata ko hawa kan juna ba, a murza da bayan cokali, a danne da littattafai masu nauyi har ta bushe. Daga wannan shimfiɗa ake yanko siffofi, kuma tunda ta bayan takarda ake zana abin da za a yanka, wajibi ne a juya zanen, in ba haka ba bakuna huɗu za su koma ɓangaren Bangor. Reza ta zama sabuwa, musamman wajen yanka a gicciye, domin dakusasshiya tana tsaga kara ta bi tsawonsa maimakon ta yanke shi.

A fara da abin da ya fi nisa a ƙare da na kusa. Gadar Britannia, idan an sa ta, ba ta wuce siririn kara ɗaya a kwance da guntaye uku a tsaye ba. Daga nan sai hasumiyoyin Menai, kuma a nan ne ya kamata a ɓata lokaci. A yanka kara zuwa faɗin milimita 2 ko 3, a jera shi a kwance layi bisa layi kamar yadda magini ke jera tubali, sannan a danna bakin allura a tsaye nan da can domin nuna mahaɗar duwatsu, ana kauce wa barin mahaɗar layi ɗaya ta faɗo daidai kan ta layin ƙasa. A zaɓi ɓangaren da rana take, a ce hagu, sai gefen dama na kowace hasumiya da kowane ginshiƙi a yi shi da ƙonannen kara a tsaye. Bambancin kwance da tsaye shi ke sa ginin ya fito da kauri, kuma mai kallo idan ya gusa taki ɗaya zai ga fuskar hasumiya ta haska gefenta ya dushe. Bakin kowane baka a zagaye shi da ƙananan guntaye masu kama da haƙori, kowanne tsawonsa na nuni zuwa tsakiyar bakan. Cikin bakan a bar shi ba kara, fentin ruwa da tudu su riƙa leƙowa.

Titin gadar kara biyu ne dogaye a kwance, na ƙasa mai duhu na sama mai haske. Idan kara ɗaya bai kai ba, a haɗa biyu da yankan karkace a daidai inda igiya za ta sauka, mahaɗar ba za ta fito ba.

Sarƙoƙi su ne mafi wuya. A ɗauki siririn kara mai ɗan laima a tsaga shi zuwa zare mai faɗin milimita 1 ko ƙasa da haka, a ja shi tsakanin babban yatsa da bayan wuƙa har ya fara lanƙwasa da kansa. Ba a shafa gam a jikin zaren. A ɗiga shi da bakin allura a kan layin fensir, santimita 2 ko 3 a lokaci guda, a kwantar da zaren da hantsaki, a riƙe shi da yatsa har ya kama kafin a ci gaba. A fara da layin ƙasa, sauran ukun su bi shi da rata daidai. Gam ɗin da ya ɓullo a ɗauke shi nan take da tsinke, domin idan ya bushe a kan fenti yakan bar tabo mai sheƙi da ba ya fita. Igiyoyin da ke rataye titi a tsaye suke, kuma ba sai an ƙidaya na gaskiya ba: ɗaya a kowane milimita 5 ya isa. A yi alamunsu da rula tukuna, a fara daga tsakiya inda suka fi gajarta zuwa hasumiya, ana auna kowace a wurinta kafin a yanke. Igiya ɗaya da ta karkace ido yakan gan ta kafin ya ga komai a hoton, don haka gara a cire ta tun gam bai bushe ba.

Abin da ya rage yana da sauƙi kuma nan ne mai aiki ke da 'yanci. Jiragen da ke bin mashigin ruwan da gadar ta ratsa a lokacin sun haɗa da masu ɗaukar dutsen rufin ɗaki daga tashar Penrhyn ta Bangor da ta Felinheli, da jiragen tururi masu zuwa daga Liverpool. Jikin jirgi a kwance, kowane filafili kuma a ɗan karkata tsawon karansa dabam da na kusa da shi, sai su yi kamar iska ta cika su. Igiyoyin jirgi da zaren ɗinki ake yi. A kan titi a sa keken doki, kada a sa mota. Gidajen bakin ruwa bango a tsaye rufi a karkace, itatuwa kuma da yankakken koren kara ƙanana da ake barbaɗawa a kan gam. 'Yan gajerun zare masu haske a kwance a ƙarƙashin hasumiyoyi da jirage sun isa su nuna inuwarsu a ruwa.

Dannewa da firam da adanawa

A shimfiɗa takarda marar kama gam a kan hoton, a ɗora katako mai santsi da nauyi matsakaici, a bar shi kwana biyu. Kada a shafa masa banish, domin kara yana da nasa ƙyallin, kuma banish yana daidaita hasken sassan duka ya kashe bambancin da aka sha wahalar samarwa. Firam ɗin katako mai launin zuma da siririn layin ruwan zinari a ciki ya dace da zamanin hoton. A sa siririn kwali a gefuna tsakanin gilashi da hoto domin kada su taɓa juna, a rufe baya da kwali, a liƙe mahaɗar da takarda mai gam ta yadda ƙura da ƙwari ba za su sami hanya ba. A rubuta suna da shekara a baya da fensir, domin kada wata rana a ɗauke shi a matsayin tsohon aiki na ƙarni na 19.

Wurin ratayewa ya zama inda haske ke zuwa daga gefe, ba inda rana ke bugawa kai tsaye ba, domin rana tana cinye shuɗin fenti da koren rini tun kafin ta taɓa kara. A nisanta shi da bangon da ke tsatsafo da damina da kuma kicin. Kara da kwali suna kumbura da laima su tsuke da bushewar hunturu, kuma wannan kai da komo ne ke ɗaga sarƙoƙi. Idan wani guntu ya ɗago, a buɗe firam a ɗiga masa kunun sitaci da allura a danne. Wanda kuwa tsohon hoton Wales na gaske ya shigo hannunsa, kada ya goge fuskarsa da ruwa ko ya sake masa fenti, kuma kada ya yar da tsohon firam ko takardar da ke liƙe a baya, domin sau da yawa su ne ke nuna inda aka yi wa hoton firam da kuma lokacin. Guntayen da suka zubo a ƙasan gilashi a tattara su cikin ambulan a kai wa mai gyaran kayan tarihi tare da hoton.